Yadda ake haɗa kayan awo a teburin gyara na ƙauye ba tare da wuta ta ja mutum ba

Yanzu da wuya ka shiga garin da ake cin kasuwar mako a Kano ko Jigawa ka rasa mai gyaran waya, ko mai gyaran rediyo da fitilar caji. Ga kuma masu haɗa sola, waɗanda suka ƙaru sosai tun da fetur ya yi tsada a 2023, manoman rani suka fara komawa famfon sola. Da yawansu sun wuce zamanin testa da ɗanɗana batir da harshe. Mutum zai shiga birni, ya je Farm Centre ko Sabon Gari, ya sayo mita da fawa safulai, wato na'urar da ke ba da wutar gwaji daidai yadda aka saita ta, wani ma har da osiloskof na hannu, mai zana yadda wuta ke hawa da sauka a fuskarsa. Sai dai kuɗin duk a kan na'urar yake ƙarewa. Wayoyin awo, da soket, da fis, da wayar ƙasa, su sai a ce a yi maneji. To a nan hatsarin yake, domin abin da ke tsakanin yatsunka da wuta ba na'urar ba ce, ɗan tsinken nan ne na bakin wayar awo da robar da ke jikinsa. Ga yadda ake bi a haɗa teburin, daga ƙasa zuwa sama.

Fara da wayar ƙasa, kafin ka buɗe kwalin komai

Yawancin shagunan ƙauye waya biyu kawai aka ja musu. Ramin sama na soket, wanda aka tanada don wayar ƙasa, fanko ne. Alhali fawa safulai, da osiloskof, da injin dalma, duk masu ƙafa uku ne, kuma ƙafar nan ta uku ita ce ke kwashe wuta ta kai ta ƙasa idan wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen jikin na'urar. In babu ita, kai ne hanyar.

Ka sami sandar ƙarfe mai rufin tagulla, irin wadda masu wayarin suke kira at rod, tsawonta ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Wurin kafa ta shi ne abin lura. Ƙasar rairayi, irin ta wajen Gumel da Maigatari, idan ta bushe da rani ba ta jan wuta sosai, don haka kada ka kafa sandar a bakin shago inda rana ke duka tun safe. Nemi wurin da danshi ba ya yankewa, kamar kusa da makwararar ruwan banɗaki ko gindin randa. Masu wayarin sukan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri yana cin ƙarfe a hankali, saboda haka duk shekara ka tona kaɗan ka duba maƙalin da ya riƙe wayar. Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, riƙa kwarara wa wurin bokitin ruwa lokaci-lokaci.

Daga sandar ka ja waya mai kauri, mai launin kore da rawaya, zuwa soket ɗin teburin. A tsarin launi na yanzu, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. A tsohon wayarin kuwa ja da baƙa ne. Kada ka yarda da launi kaɗai, ka auna, domin an sha juya su. Kuma kada wani ya ba ka shawarar ka haɗa ramin ƙasa da nutural a bayan soket don a huta da tona rami. Ranar da nutural ta tsinke a kan fol, ko aka juya wayoyin, jikin kowace na'ura da ke teburin zai ɗauki wuta.

Kafin soket ɗin, sa a ɗaura maka bireka mai jin yoyon wuta, wadda aka rubuta RCD ko RCCB da 30mA a jikinta. Bireka ta gama-gari waya take karewa daga ƙonewa, wannan kuwa mutum take karewa. Tana da ɗan maɓallin gwaji, ka riƙa danna shi kowane wata ka ga ta faɗi. Abu ɗaya: a kan ƙaramin janareta da wasu inbatoci, testa takan kama a ramuka biyun duka, domin nutural ɗinsu ba a ɗaure take da ƙasa ba, kuma a haka birekar ba lallai ta faɗi ba. Wannan ɗaurin aikin ƙwararren mai wayarin ne, a kira shi ya yi shi daidai da irin injin da kake da shi.

Teburin kansa

Na katako ya fi. Idan na ƙarfe ne mai walda ya yi maka, to shi ma a ɗaure shi da wayar ƙasa. A shimfiɗa roba mai kauri ko busasshen katako inda ƙafafunka suke, musamman da damina lokacin da daɓen siminti ke tsatsafo da sanyi. Sa kafinta ya yi maka kanta a sama, na'urori su hau can, a bar musu tazarar tafin hannu daga bango don fankarsu ta sha iska. Zafin Afrilu a ɗakin kwano ya ishe su, ba sai an toshe musu baya ba. Da hunturu kuwa, in ka tashi, rufe su da ƙyalle bayan sun huce.

Kafin ka jona kowace na'ura, juya bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, amma kayan da aka yi amfani da su a Amurka suna zuwa a saite a kan 110 ko 120. Wasu suna da ɗan makunni ja a baya mai rubutun 115 da 230. Tura shi zuwa 230, sannan ka zaro ɗan aljihun fis da ke ƙasan inda igiyar wuta ke shiga, ka duba ko fis ɗin ya dace da abin da aka rubuta na 230, domin sau da yawa ƙarfinsa yakan bambanta. In babu makunnin kuma 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma kada ka bari na'urorin su kasance a jone lokacin da ake tayar da janareta. Bari ya daidaita tukun.

Tabarmar tebur da abin hannu

Da hunturu, idan ka cire rigar sanyi ka ji tana ƙas-ƙas, wannan cajin da ke jikinka ya isa ya kashe ƙaramin ayisi, wato ɗan baƙin ƙwayar lantarki da ke allon cikin wayar salula, ba tare da ka ji komai ba. Maganinsa tabarmar ESD da abin ɗaurawa a wuyan hannu. A lura, shuɗiyar tabarmar silikon mai 'yan ramukan ajiye noti, wadda ta cika shagunan gyaran waya, zafi aka yi ta ta jure, ba kowacce ce ke zubar da caji ba. Ta gaskiyar tana da maɓallin ƙarfe a gefe inda ake maƙala igiya.

Maƙala igiyar tabarmar a wayar ƙasa. Abin hannun kuma, kafin ka ɗaura, sa mita a kan ohm ka auna daga ƙarfen da ke taɓa fata zuwa bakin kada, wato ɗan maƙalin ƙarfe mai haƙora da ke ƙarshen igiyar. Ya kamata ka ga kusan megohm 1. Wannan razista ce aka ɓoye a ciki don caji ya zube a hankali, kuma in ka taɓa wuta bisa kuskure kada ta bi ta jikinka da ƙarfi. In ka ga sifili, jefar da shi. In mita ba ta nuna komai ba, igiyar ta tsinke, ado kawai kake yi. Kuma abin hannun na aikin allon waya da kwamfuta ne. Duk lokacin da za ka buɗe caja, ko talabijin, ko inbata mai wuta a jiki, cire shi.

Wayoyin mita

Nan ne ya kamata kuɗi ya shiga. Ɗauki kowace waya ka bi ta da yatsa daga kai zuwa gindi, kana lanƙwasa ta, kana neman tsagewa, musamman inda ta shiga maƙallin. Wayar da aka naɗe da salatif ta gama aiki a kan wutar gida, sai dai a bar ta wa batir. Sai ka sa mita a kan ohm, ka haɗa tsinken biyu. Ya kamata ta nuna ƙasa da rabin ohm, kuma lambar ta tsaya cak ko kana girgiza wayar. In tana tsalle, akwai tsinkewa a ciki, kuma irin wannan wayar ce za ta ce maka babu wuta a inda wuta take.

Duba rubutun CAT, wanda ke nuna irin wurin da aka yarda a yi awo da su, a jikin mita da kuma jikin tsinken. CAT II na kayan da ake jonawa a soket ne. CAT III na akwatin bireka da wayarin gini. CAT IV na inda wuta ke shigowa daga fol. Idan mitarka CAT III ce amma wayoyin CAT II ne, to abin da ke hannunka CAT II ne. Wasu tsinkayen suna zuwa da 'yar hula ta roba wadda ke barin ɗan bakin ƙarfen kaɗai a waje, kamar milimita 4. Yara sukan cire ta su yar don tana hana shiga soket. Ajiye ta a gwangwani, domin a cikin akwatin bireka ita ce ke hana dogon tsinke haɗa ƙarfe biyu.

Baƙar waya kullum a ramin COM. Ja a ramin V. Sai ramin da aka rubuta 10A, na auna amfiya, wato yawan wutar da abu ke ja, wanda ya fi kowane rami cin mita a shagunanmu. A cikin mitar, tsakanin wannan ramin da COM, guntun ƙarfe ne kawai kusan babu abin da ya tare. Ga yadda abin ke faruwa. Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika, yaron shago ya gama auna abin da fitilar wani ke ja, ya bar jar waya a 10A. Wani dattijo ya sauke batirin sola daga bayan babur.

"Ɗana, duba min wannan, tun jiya ba ya kai mu sallar isha."

"To Baba, yanzu kuwa."

Ya murɗa mita zuwa bolt, bai kalli ramin ba, ya ɗora tsinke a kan batir mai 200Ah. Abin da ya yi shi ne haɗa kan batir biyu da waya. In mitar mai fis ce ta kirki, fis ya tafi. In irin ƙaramar rawayar nan ce mai araha, wadda aka rubuta unfused a gefen ramin, to wayar ce za ta narke a hannunsa. Dokar da za ka kafa a shago ita ce, duk wanda ya auna amfiya, kafin ya ajiye mita ya mayar da jar waya ramin V. Ni ina ganin ya fi sauƙi ma a toshe ramin da guntun salatif, sai an ɓare shi da niyya.

In fis ɗin mita ya ƙone, a sa irinsa. Na mitoci masu kyau farin tangaran ne mai yashi a ciki, wanda ke kashe tartsatsi. Na gilashi ba ya maye gurbinsa, balle zaren waya ko takardar sigari.

Wajen awon kansa, maƙala baƙar da bakin kada tukun, sannan ka taɓa da ja da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cinya ko aljihu, don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji. In za ka cire, ja ce farko. Kuma kafin ka yarda cewa abu ba wuta, gwada mitar a soket ɗin da ka san yana da wuta, ka auna abin, ka sake komawa soket ɗin. Da alamar batir ta fito a fuskar mita, canja shi, domin daga nan lambobinta ba abin dogaro ba ne.

Ga masu sola, mita mai baki, wadda ake maƙalawa a jikin waya, ta fi aminci wajen auna amfiya. Sai dai masu arahar AC, wato wutar gida, kaɗai suke ji, ka tabbata an rubuta DC, wato wutar batir da sola. Danna maɓallin sifili kafin awo, kuma waya ɗaya tak ake sawa a bakin. Farantan famfon rijiya da aka jera a layi suna iya tara ɗaruruwan bolt muddin rana na sama, kuma tartsatsin DC ba ya mutuwa da sauri. Kashe kwantirola kafin ka zare haɗin MC4, wato mahaɗin wayoyin farantan. Zobe da agogon ƙarfe kuma a cire su kafin a sunkuya kan batir.

Fawa safulai

Iri biyu aka fi gani: ƙarama ta masu waya mai 15V 2A, da babba mai 30V 5A. A gaban babbar akwai ramuka uku, ja da baƙi da kore. Koren jikin na'urar ne da wayar ƙasa, ba shi ne nagetif ba. Wayoyinka ja da baƙi za su shiga. Ka zaɓi masu kauri kuma gajeru, domin siririyar waya mai tsawo tana shanye bolt a hanya, fuskar na'ura ta ce 4.2 alhali abin da ya isa allon bai kai haka ba.

Kunna ta ba tare da an jona komai ba. Saita bolt. Na allon waya 4.0 zuwa 4.2 ne, kusan daidai da batirinta. Tabbatar da mita, kada ka dogara da fuskar na'urar kaɗai. Sai iyakar amfiya, wadda mutane da yawa ba sa taɓawa, alhali ita ce amfanin na'urar. Rage maɓallin amfiya zuwa ƙasa, haɗa bakin kada biyun, fitilar CC, mai nuna an kai iyakar amfiya, za ta kama, sai ka murɗa a hankali har lambar ta kai iyakar da kake so, sannan ka raba su. Kamar mai ban ruwa ne da ke buɗe bakin fangali kaɗan ya ga yadda ƙasa ke sha kafin ya saki ruwan. In allon yana da shot, na'urar za ta tsaya a iyakar, bolt ya faɗi, ka sami damar lalubo abin da ke ɗumi maimakon ya ƙone. Ƙananan na masu waya da yawa ba su da wannan, su ƙara suke yi su yanke, don haka kada ka haɗa bakinsu kana jiran CC.

Jona aikin bayan na'urar ta kunnu, ka cire shi kafin ka kashe ta, domin wasu masu araha sukan harba bolt sama a daidai kunnawa da kashewa. Wannan ya fi muhimmanci inda wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Osiloskof

Kan igiyar awonsa, wanda ake kira BNC, turawa ake yi a murɗa kwata har ya ce ƙas. A jikin tsinken akwai makunni mai 1X da 10X. Bar shi a 10X kusan kullum, ya fi jure bolt kuma bai cika dagula abin da ake aunawa ba. Sai ka shiga saitin tashar, wato bakin da ka jona tsinken, ka gaya mata 10X ne, in ba haka ba za ta nuna maka kashi ɗaya cikin goma na gaskiya.

Sabon tsinke sai an daidaita shi da na'urar. A gabanta akwai 'yan ƙarafa biyu da ke fitar da sigina mai kusurwa huɗu, yawanci 1kHz. Rataya tsinken a na sama, bakin kada a na ƙasa. In kusurwoyin sun yi tsini sama, ko sun lanƙwashe, ɗauki ɗan sukundireban roba da ya zo a ledar ka murɗa ƙaramin notin da ke jikin tsinken har saman ya miƙe sumul. In ka mayar da tsinken wata tasha, sake dubawa.

Yanzu ga abin da ke kashe na'urar, wani lokacin har da mai ita. Ɗan bakin kadan nan na tsinke a haɗe yake da wayar ƙasa ta cikin na'urar, kuma na duk tashoshin a haɗe suke da juna. Idan ka maƙala shi a ɓangaren wutar gida na caja ko allon wutar talabijin, ka haɗa wuta da ƙasa kai tsaye. Wasu sukan karya ƙafar ƙasa ta filogin osiloskof don su kauce wa wannan. Tartsatsin zai daina, amma duk ƙarfen gaban na'urar ya zama mai wuta, yana jiran hannunka. Hanyar da ta dace ita ce tsinke na musamman da ake kira difarenshal, ko a jona abin da ake gyarawa, ba osiloskof ɗin ba, ta taransifoma mai raba wuta. In ba ka da ko ɗaya, tsaya a ɓangaren ƙaramar wuta, bayan taransifomar allon. A jikin allo akan ja farin layi ko a bar fili tsakanin ɓangarorin biyu, wasu har da rubutun HOT da COLD. Ƙaramin osiloskof mai batir ma, in za ka yi aiki da shi, cire shi daga caji, kuma ka sani ƙarfen bakinsa yana ɗaukar duk wutar da ka maƙala masa.

Abubuwa biyu da za ka haɗa da kanka

Na farko ƙwan gwaji. Sami tsohon ƙwai mai zare, na wat 60 ko 100, ba LED ba. Ɗaura shi a katako tare da soket, wayar wuta ta bi ta cikin ƙwan kafin ta isa soket ɗin, a rufe duk haɗin. Duk abin da ka gyara, fara jona shi nan. In ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai sauran shot. Irin ƙwan nan ya fara wuya a kasuwa, in ka samu sayi biyu.

Na biyu abin sauke kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta a kan allo. Babbar kafasitar da ke cikin caja da talabijin tana riƙe kusan bolt 325 ko fiye, kuma tana iya riƙe shi bayan an zare filogi. Sami razista mai 10k, wat 5, ka haɗa mata tsofaffin wayoyin mita masu lafiya a kowane gefe, ka rufe ta da roba. Ɗora a ƙafafun kafasitar kamar daƙiƙa 20, sannan ka auna da mita ka ga ta sauka. Haɗa ƙafafun da sukundireba yana cin allon, yana kuma iya watsa maka narkakken ƙarfe a ido.

Wajen dalma, ajiye ayan, wato ƙarfen narka dalma, a mazauninsa a gefen hannun da kake aiki da shi, nesa da wayoyin mita, domin taɓawa ɗaya ta isa ta huda robarsu. Bari hayaƙin ya bi ta taga. Dalmar da aka fi sayarwa tana da gubar darma, don haka wanke hannu da sabulu kafin ka ɓare goro ko ka sa hannu a kwano.

A ƙofar shago a ajiye bokitin busasshen yashi, saboda kumburarren batirin waya da wutar da ta tashi a wayar lantarki, wadda ba a zuba mata ruwa. Makashin wutar teburin gaba ɗaya ya kasance kusa da ƙofa, kuma ka nuna wa yaran shago da maƙwabcinka mai shayi inda yake. In wuta ta riƙe mutum, ba a kama shi da hannu, a kashe makashin ko a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo mota. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.